Ɗaya Nawa, Ɗaya na Yaya

Talata 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta faɗi jiya a shagonta. Tana kan keken ɗinki, ta ce wa matar da ke jiran kayanta ta miƙo mata almakashi, maganar ta fito a karkace, sai ta sulale ƙasa. Yanzu tana asibiti a gado na shida. Ɓarin damanta ba ya motsi, bakin ya ja gefe, idon ne kawai nata na da. Likitan ɗakin ya ce wata 'yar jijiyar jini ce ta fashe a cikin kai, amma Allah ya taƙaita.

Ya tsaya a ƙarshen gadon da takarda ya tambaye mu, ni da Auta, 'yar Yaya ta ƙarshe wadda suke zaune tare: “Tana shan maganin hawan jininta?”

Auta ta ce, “Kullum, likita. Ni nake saya, ni nake duba katin ƙwayoyin, ko kwana ɗaya ba ta tsallakewa.”

“Bayan shi fa? Akwai wani abu da take sha? Jiƙo, ko na ƙarin jini, ko wanda wata ta ba ta ta ce ta gwada?”

Auta ta ce babu. Ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa lokacin ina gyara wa Yaya mayafi a ƙafa, ya zame.

Wannan ba littafin da masu binciken magani na asibiti suka ba ni ba ne. Nasu mai shuɗin bango ne, a ciki nake rubuta sau nawa zafi ya taso min da sau nawa na yi gumi. Wannan littafin lissafi ne na wata ɗalibata da ta canja makaranta, shafi uku kawai ta ɓata. Zan riƙa ajiye shi cikin jakar takardun jarrabawa, nan ne kaɗai maigida ba ya sa hannu.

Laraba 5 ga wata, ƙarfe bakwai saura na safe

Na naɗe ɗaya a takarda kamar kullum, har na sa a jaka kafin na tuna shagon a rufe yake.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Bari in jera abin, ko zan ji shi a tsare. Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi, abin da ba a jera ba ba ya shiga kaina.

Wata biyu da suka wuce na ga sanarwa a bangon asibiti. Ana neman matan da al'ada ta ɗauke musu, za a gwada wani kafso da aka yi da ciyawar teku, a ga ko yana tausasa jijiyoyin jini, don wai bayan ɗaukewar al'ada jijiyoyin kan fara tauri. Ni shekarata biyu ke nan da ɗaukewa, ga gumi kamar ana matse ni. Na ja Yaya muka je tare, don ba na zuwa wuri irin wannan ni kaɗai, ita ma haka.

Wata nas mai tabarau ta yi mana bayani. Ta ce ba a tabbatar yana aiki ba tukuna, shi ya sa ake gwadawa. Rabin mata za a ba su na gaske, rabi a ba su kafso iri ɗaya amma gari ne kawai a ciki, kuma ba mai sanin wanne ta samu, har likitan kansa, sai an gama. Aka ɗaure min hannu, aka shafa min wani abu mai sanyi, aka ɗora na'ura ana kallon jijiyata a allo. Aka ce na dace.

Da aka zo kan Yaya, nas ɗin ta ga katin asibitinta ta mayar mata da shi. “Yi haƙuri, Mama, mai shan maganin hawan jini ba ta shiga wannan.”

A hanya Yaya ta ce, “Kin ji ikon Allah, 'yar boko. Mai ciwon an kore ta, lafiyayyiya an cika mata kwalba.” Tana dariya ta faɗa, amma na san dariyar Yaya kala-kala ce.

Kore ne kafson, biyu a rana, sittin a kwalba. Na sa hannu a takardar da ta ce kada a ba kowa. Sau biyu na karanta ta, yadda nake karanta komai. Shagon Yaya kuma a kan hanyata ta zuwa makaranta yake. Iyakar abin da zan rubuta yau ke nan.

Alhamis 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Nas mai tabarau ta bugo min waya ana tsakiyar hutun tara a makaranta. Wai tuni ne, ranar Litinin zan kawo kwalba a ƙirga. Sannan ta ce, “Ya gida, ya jama'ar gida?” Me ya kawo jama'ar gida a maganar kwalba? Ofishinsu da ɗakin da Yaya ke kwance gini ɗaya ne ya raba su, kuma ta taɓa ganin mu tare. Ma'aikatan asibiti ba su da aiki sai kai wa juna labari a wurin shan shayi.

Na ce kowa lafiya.

Juma'a 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina ba Yaya ruwa a cokali Auta ta ce, “Inna, ke da kike biyawa shago kullum da safe, ba ki ga wata alama ba?”

Wa ya ce mata kullum nake biyawa? Ban taɓa ce mata kullum ba. Yarinyar nan tun tana goye idonta ya cika bin mutum. Na ce ban ga komai ba, gaisawa kawai muke yi in wuce. Ta ce “to” ɗin nan mai tsawo, ta ci gaba da murza wa uwarta yatsun da ba sa motsi.

Yaya tana jin mu. Ta kafe ni da ido, ta yi wani sauti, ta ɗaga hannun hagu ta buɗe tafin. Auta ta zaci ruwa take so. Na san ba ruwa ba ne, shekara hamsin da biyu ina ganin tafin nan a buɗe. Tun muna yara haka muke: duk abin da ɗaya ta samu sai an raba biyu, ko alewa ce sai an fasa ta da haƙori. Da mahaifinmu ya rasu aka ce mutum ɗaya za a iya bari a makaranta, wannan ne kawai abin da bai rabu ba. Yaya ta ce a bar ni, ita ta tafi koyon ɗinki.

Na sa mata hannuna a tafin. Ta ture.

Asabar 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

An taɓa min kwalba. A bayan gwangwanin madara nake ajiye ta, lambar tana kallon bango. Yau na tarar da lambar tana kallona. Na tambayi maigida, ya ce sukari ya nema. Shekara talatin sukari yana gefen hagu, yau ne zai neme shi a dama?

Ya ce, “Malama, nan fa ba ɗakin jarrabawa ba ne, ki daina zare min ido.”

Na kulle ɗakin girki na buɗe kafso ɗaya a kan faranti. Gari ne mai ruwan toka-toka. Na shinshina, ban ji komai ba. Na ɗana a harshe, ba ɗaci ba gishiri. Ban taɓa ganin teku ba balle ciyawarta, to da me zan gwada? Na dai san abu ɗaya, tun sati na biyu gumina ya ragu, barcina ya daidaita. Abin da ya yi wannan ƙarfin a jikin mai lafiya, me zai yi a jikin mai hawan jini da ke shan wani magani? Na tuna kalmar likitan ɗakin: fashewa. Abin da ke tausasa jijiya, in ya wuce misali fa?

Na daina sha daga yau.

Lahadi 9 ga wata, bayan azahar

Ƙirga ba za ta yi daidai ba gobe, akwai ragowar da bai kamata a ce akwai ba. Na zuba su a masai na kora ruwa. Ɗaya ya ƙi tafiya, yana ta yawo a sama, sai da na ƙara bokiti guda.

Litinin 10 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Nas mai tabarau ta juye kwalbar, ba abin da ya faɗo. Ta ɗaga ta sama ta nuna wa sauran matan da ke kan benci. “Ku ga Malama, wata biyu ke nan, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa mantawa ba. Da kowa haka yake da mun huta.” Tana faɗa tana kallona ta saman tabarau. Yabo ne ko tarko? Ni ma haka nake yi wa yarinyar da na san ta saci amsa, in yabi makinta a gaban aji in ga ko za ta sunkuyar da kai.

Ban sunkuyar ba. Na karɓi sabuwar kwalba na gode.

Wata mata mai ƙiba kusa da ni ta raɗa min cewa ita tata gyatsar ƙarnin kifi take yi, don haka nata na gaske ne. Ta tambaye ni ko ni ma haka. Na ce a'a. Ta yi min kallon tausayi. Na so in ce mata ni shaidata ta fi gyatsa, tana gado na shida, amma na haɗiye.

Talata 11 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Gwajin wata-wata a aji uku. Na kama wata ta rubuta amsa a cikin marfin biro. Daga yadda ta yi tari na gane ta. Na ce, “Da kin kawo kanki da abin bai kai haka ba.” Ina jin bakina yana faɗa, na rasa inda zan sa idona.

Laraba 12 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Likitan ɗakin ya sake tara mu. Ya ce abu ɗaya ke ɗaure masa kai: maganin da suke ba Yaya a nan shi ne dai wanda take sha a gida, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, ga shi cikin kwana tara jininta ya sauka sumul. To me ya hana shi aiki a gida? Ko dai wanda ake saya mata ba mai kyau ba ne, ko kuwa tana haɗa shi da wani abin da ke kashe masa ƙarfi. Ya ce ba zai sallame ta ba sai ya sani, don in ta koma ta tarar da abin da ya kayar da ita, karo na biyu ba ya zuwa da sauƙi.

Auta ta miƙe tsaye. “Mai kantin maganin nan ne! Wallahi jabu yake sayar min. Dama na ga bai iya kallon mutum a ido.”

Dattijo ne, shekara goma sha biyar muna sayen magani a wurinsa, kuma idonsa ɗaya ne ke da lahani tun haihuwa. Na san wannan sarai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Mutane yanzu sai a hankali.”

Alhamis 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Gumin ya dawo, na jiƙe sharkaf har matashi.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Auta ta je kantin. Ta ce ta yi masa tas a gaban masu saye, ta ce za ta kai shi ƙara wurin hukuma. Wai ya ɗauko kwalin ya nuna mata hatimi da kwanan wata, hannunsa na rawa. Ta ce rawar hannun ita ce shaida.

Ni ma hannuna rawa yake yi ina wannan rubutu, ga layin nan ya karkace.

Juma'a 14 ga wata, bayan magariba

Maigida ya shigo ɗakin girki ina wanke kofi ɗaya tun ɗazu. Ya jingina da ƙofa.

“Malama, na ji abin da aka yi wa mai kantin magani.”

Na ce ai ba ni na je ba.

“Na sani. Ni dai tambaya ce da ni. 'Yar takardar nan da kike naɗewa kullum da safe ki sa a jaka, tun ranar da Yaya ta kwanta ban sake ganin kin fita da ita ba.”

Kofin ya kusa suɓuce min. Na ce tun yaushe yake sa min ido. Ya ce, “Sa ido? A gabana kike yi ina shan shayi. Ni na zaci kin gaya wa likitoci tun ranar farko. Ranar Asabar na ɗauko kwalbar ne in ga ko akwai lambar waya a jiki, in buga da kaina, sai na ga ba hurumina ba ne.”

Na fara cewa za a kore ni daga binciken, za a ce malamar makaranta ta sa hannu a takarda ta saɓa, Auta ba za ta sake kallona da mutunci ba, in Yaya ta... Ban ƙarasa ba. Ya ce, “Duk na ji. Wanne a ciki ya kai ta sake faɗuwa?”

To ga shi na rubuta, tunda an riga an faɗa a ɗakin girki. Sati ɗaya kawai na yi ina shan biyu. Daga ranar da aka dawo daga hutu, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya. Da safe nake miƙa mata, ta haɗiye da shayinta a kan keke, ranar da babu makaranta in ba ta nata tun ana gobe. Kwalba tana ƙarewa daidai, kowa yana yaba min.

Litinin 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na ɗauki izini na tafi ofishin masu bincike. Na faɗa wa nas mai tabarau a tsaye, don na san in na zauna ba zan faɗa ba. Ta cire tabaran ta ajiye. Ashe idanunta ƙanana ne, irin na mai gajiya, kuma ba ta san komai ba. Ba ta ma san Yaya na kwance ba. Gaisuwar jama'ar gida gaisuwa ce kawai.

Ta kira likitan binciken. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi jin daɗi. Ya tambayi kwana nawa, guda nawa, gado na nawa. Ya ce tunda rai ya shiga ciki dole a buɗe lambata yau. Ya buɗe wata durowa da makulli, ya zaro ambulan mai lambar kwalbata, ya sa hannu a kai, nas ɗin ma ta sa, sannan ya yage.

Ya karanta, ya juyo min da takardar.

“Malama, naki ba na gaske ba ne. Garin sitaci ne da ɗan kala. Ko ciyawar teku ta rantsuwa babu a ciki. Bai taɓa jinin yayarki ba, ba zai iya ba.”

Na ce to gumina fa da ya ragu? Ya ce hakan na faruwa, shi ya sa ake raba mata biyu tun farko. Wato wata biyu ina yawo ina ba mutane labarin yadda jijiyoyina suka yi laushi, ashe abin da ake sa wa wuyan riga nake sha. Dariya ta ƙwace min, daga nan ta koma kuka, nas ɗin ta miƙo min ruwa. An cire ni daga binciken, an karɓe littafi mai shuɗin bango. Ko a jikina.

Na wuce ɗakin su Yaya na jawo Auta waje na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe ta ce, “Kwana goma sha huɗu, Inna. Kina tsaye na je na ci mutuncin dattijon nan.” Na ce amma ai gari ne. Ta ce, “Lokacin kin san gari ne?” Ta koma ciki.

Tana da gaskiya. Duk da haka na taho gida ƙafata ba nauyi. Ba ni ba ce, ba ni na kayar da Yaya ba.

Talata 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na yi barci har maigida ya tashe ni. To in ba kafso ba ne, kuma in ba mai kanti ba ne, mene ne? Ban son wannan tambayar, na ba ta hutu sai gobe.

Alhamis 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Matar da Yaya ta faɗi a gabanta ta aiko tana son kayanta ko ba a gama ba. Auta ta ba ni makullin shago ba tare da ta kalle ni ba.

Komai yana nan yadda aka bar shi. Rigar tana ƙarƙashin allura, kofin shayin ya bushe a kan taga, takalmin Yaya ɗaya yana ƙarƙashin keke. Na zare rigar na ga maɓallai kawai suka rage, na ce bari in ɗinka mata su, wannan dai na iya. Na jawo aljihun keken na ɗauko gwangwanin maɓallai, wanda na sani tun ina budurwa. Na juye a kan tebur.

Da farko na zaci ƙananan maɓallai ne farare, sai na ga ba su da huji.

Na ware su gefe da ɗan yatsa, biyar-biyar, yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya. Layi tara da guda biyu. Arba'in da bakwai. Na kalli kalandar da ke bango, na sa yatsa a ranar da aka dawo daga hutu, na ƙirgo zuwa ranar da ta faɗi. Sau uku na ƙirga, don na so lissafi ya ci amanata ko sau ɗaya a rayuwa. Bai ci ba.

Ashe kullum sai Yaya ta ɓalle ƙwaya ɗaya ta maganin hawan jininta daga katin a gida, ta ce wa Auta a shago za ta sha da shayi. Auta ta duba kati ta ga gurbi, hankalinta ya kwanta. Nas ta duba kwalbata ta ga wayam, ta yaba min. Uwa ɗaya ta haife mu.

Na zauna a kujerar keken na tuna abin da na ce mata ranar farko. Da muryar aji na faɗa, har da zana mata da alli a kan teburin yanka: “Kin ga, Yaya, wannan wanke jijiya yake yi tun daga tushe. Wancan farin naki danne ciwon kawai yake yi.” A ina na karanta haka? Ba ko'ina. Nas ta ce ba a tabbatar ba, ni na tabbatar. Zanen yana nan a kan teburin, bai gama gogewa ba.

Juma'a 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wannan karon ban kwana da shi sau biyu ba. Na kai wa likitan ɗakin gwangwanin, Auta na tsaye. Ya zuba su a tafinsa ya ce, “To, yanzu na san abin da nake yi wa magani.” Ya ce za a iya sallamarta ranar Litinin, da sharaɗin a riƙa ganin ta haɗiye.

Auta ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je kantin magani ta dawo. Na ce zan raka ta. Ta ce in bari, nawa zuwan daban ne, in je ni kaɗai. Zan je gobe.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Maganar Yaya ta fara dawowa, kalma-kalma, sai an kasa kunne. Na ja kujera na ajiye gwangwanin a kan cinyarta. Ta kalle shi ta kau da kai kamar yarinyar da aka kama.

Na ce, “Yaya, don Allah me ya sa? Ni ban ce ki daina naki ba.”

Ta daɗe tana haɗa kalmomin. “Nas... ta ce. Mai shan fari... ba ta shan kore.”

“Cewa ta yi ba kya shiga binciken.”

“To. Ba a haɗawa. Sai na... ajiye ɗaya.”

“Sai kika ajiye na likita kika ɗauki nawa?”

Ta kalle ni kamar na yi tambayar wauta. “Ke ce... kika yi boko.”

Na kifa kaina a bakin gadon. Da na iya magana na ce mata koren gari ne, Yaya, garin sitaci, babu komai a ciki, ban san komai a kansa ba, ban taɓa sani ba. Na zaci ba ta fahimta ba. Can sai rabin bakinta mai motsi ya ɗaga.

“Sitaci,” ta ce. “Da kin ba ni... na sa wa kaya.”

Ita tana dariya da rabin fuska, ni ina kuka da dukkan tawa, har matar gado na biyar ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Talata 25 ga wata, ƙarfe takwas saura na safe

An sallame ta jiya. Hannun dama bai dawo ba, likita ya ce a yi ta gashi da motsa shi, amma bai yi alkawarin keke ba. Gidansu ba a kan hanyata yake ba, sai na fita da wuri.

Na ba ta farar ƙwayar, na tsaya a kanta har ta haɗiye, na ce ta buɗe baki, ta ɗaga harshe. Ta ce, “Mai... gadin jarrabawa.” Auta tana ɗakin girki, ta gaishe ni yau, a taƙaice.

Akwai ayaba ɗaya a kan farantin Yaya. Ina neman jakata na ga tana kokawa da ita da hannun hagu, ta danne ta da gwiwar hannu, ta sa haƙori, duk ta dame ta. Na ce ta kawo in ɓare mata, ta harare ni. Ta daɗe kafin ta rabu biyu. Ta turo min rabin a kan farantin.

Na makara, an riga an buga ƙararrawa. Na zauna na ci.